Malamin Zane a Makaranta: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Ranar karɓar sakamako, yawancin iyaye wurin malamin lissafi da na Turanci suke nufa. 'Yan kaɗan ne ke tsayawa wurin malamin zane, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Na tara su nan tare da amsoshin da nake bayarwa, don ina ganin iyaye sun cancanci sanin mutumin da ke saka wa ɗansu fensir a hannu, da abin da yake nufi da shi.

Wa ake kira malamin fasaha a makaranta?

A firamare da ƙaramar sakandare, shi ne mai ɗaukar darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda yara ke kira CCA. Manhajar ilimin bai ɗaya ta shekara 9, wadda hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta tsara aka fara aiki da ita a 2008, ita ta haɗa zane da aikin hannu da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi guda. A babbar sakandare kuwa zane yana tsayawa da ƙafarsa, ɗalibi ya zaɓe shi ya rubuta jarrabawarsa a WAEC ko NECO.

Wane karatu yake yi kafin a ba shi aji?

Hanyoyin uku ne, kuma kowace tana barin alamarta a jikin malami.

Mafi yawa daga kwalejin ilimi suke fitowa da takardar NCE bayan shekara 3, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da aka yarda a koyar da ita. Waɗannan sun san tsara darasi da riƙe aji mai yara da yawa, sun yi koyarwar gwaji a makarantu kafin su gama. Raunin wasunsu shi ne hannun bai daɗe yana aiki ba.

Wasu sun yi digiri na shekara 4 a jami'a, kamar sashen zane da sassaƙa ko sashen ƙirar kayan masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko sun yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Yaba ko ta Auchi. Hannunsu ya faɗa sosai, amma da yawa ba koyarwa suka yi niyya ba, sai daga baya su ƙara diflomar koyarwa su yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Irinsu sukan yi wa yaro ɗan shekara 11 magana kamar ɗan jami'a, har sai aji ya koya musu sassautawa.

Hanya ta uku ba ta da takarda: gida. Ɗan marina, ɗan badukku, jikan magini, yarinyar da ta tashi tana ganin kakarta na saƙar faifai, almajirin da ya iya zayyanar allo. Idan mai irin wannan tushe ya haɗa da karatun kwaleji, a ganina shi ne malamin da ya fi kowa amfani, don ya san fasaha a matsayin aikin da ake ci da shi, ya kuma san yadda ake fasalta ta a aji.

Tun yaushe ake koyar da zane a makarantun boko a ƙasar nan?

Ana danganta farkon abin ga Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa a 1882 ya rasu a 1963. Da kansa ya koya wa kansa zane, yana kwaikwayon hotunan jaridu da littattafan Turawa, a zamanin da Turawan mulki ke cewa baƙar fata ba zai iya zana kamannin mutum daidai ba. A 1920 ya tafi Landan da Faris ya yi karatu, ya dawo a 1922 yana zagaya makarantun Legas yana koyarwa. Da aikin ya yi masa yawa, shi ya matsa wa gwamnati ta kawo ƙarin malami, aka kawo wani Baturen Ingila mai suna Kenneth Murray a 1927.

A Arewa ƙofar da aka shiga daban ce. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da ɓangaren koyon sana'o'in hannu. Wato tun farko aikin hannu aka sa a gaba a nan, zanen takarda ya biyo baya.

Na ji ana cewa malaman zane ba su da ra'ayi ɗaya kan yadda ake koyarwa. Mene ne saɓanin?

Saɓanin ya girmi duk malamin da ke aji yau, kuma tsakanin Onabolu da Murray ya fara.

Onabolu ya yi imani da ƙa'ida. A wurinsa zane ilimi ne mai dokoki kamar nahawu: ka koyi awo, ka koyi yadda abu ke ƙanƙancewa idan ya yi nisa, ka koyi inda haske ke faɗawa da inda inuwa ke kwanciya, ka zana abin da ke gabanka har ya yi kama. Kada a manta dalilinsa. Mutum ne da aka ce wa jinsinsa ba za su iya ba, don haka kowane zane mai kyau da ɗalibinsa ya yi amsa ce ga masu raini.

Murray ya zo da akasin haka. Ya ga sassaƙa da ginin tukwane da saƙa na mutanen ƙasa, ya ji tsoron makarantar boko za ta kashe su. Sai ya riƙa ce wa ɗalibansa, a kwalejojin gwamnati na Ibadan da Umuahia, su zana rayuwar garinsu: kasuwa, gona, masu ɗiban ruwa, su kuma bar kwaikwayon Turai. Bai damu da koya musu dabarar nisa da kusa ba. Cikin ɗalibansa akwai Ben Enwonwu, wanda ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu zane da sassaƙa na Afirka. Murray ɗin ne kuma daga baya ya jagoranci aikin adana kayan tarihi har aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a Legas a 1957.

Abin lura, ɗan ƙasa ne ke cewa a koyi na waje, baƙo kuma na cewa a riƙe na gida. Kowannensu yana da gaskiya, kowannensu kuma ya bar giɓi. Wanda ya bi Onabolu kaɗai zai fitar da yara masu hannu amma ba su da abin faɗa. Wanda ya bi Murray kaɗai zai iya tauye yaro, kamar an ce masa iyakarka ƙauyenku, ilimin duniya na wasu ne. Ku leƙa ajin ɗanku: idan malam ya ajiye buta da kofi a tebur ya ce a zana su da inuwarsu, jikan Onabolu ne. Idan ya ce kowa ya zana abin da ya gani ranar hawan sallah, jikan Murray ne. Malami nagari yakan yi wannan yau, ya yi wancan mako mai zuwa.

To ina Zariya ta shigo cikin labarin?

A 1955 aka dawo da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta can ce, kodayake akwai 'yar ƙasa a cikinsu, Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Daga baya aka riƙa yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya.

Tawayen nasu ba na ƙin karatu ba ne. Cewa suka yi za su karɓi dabarun Turai duka, fenti da awo da ɗab'i, amma abin da za su faɗa da su daga gida zai fito. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Lokacin hutu kowa ya koma garinsu yana tambayar tsofaffi, yana kwafar adon bango da tatsuniyoyi. Okeke ya ɗauko zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya kai shi Jami'ar Nsukka inda ya shugabanci sashen zane bayan yaƙin basasa. Grillo ya daɗe yana jagorantar makarantar zane ta Yaba. Onobrakpeya kuwa, da duk shahararsa, shekaru masu yawa ya yi yana koyar da 'yan sakandare a kwalejin St. Gregory da ke Legas. Nakan tuna wannan duk lokacin da wani ya ce koyar da yara aikin wanda ya rasa abin yi ne.

Ta hannun waɗannan da ɗalibansu, da malaman da suka biyo baya a Zariya irin su Gani Odutokun da Jerry Buhari, ra'ayin ya bazu cikin kwalejojin ilimi. Malamin ɗanku ko bai taɓa taka Samaru, inda jami'ar take, ba, da wuya a ce wanda ya koyar da shi bai sha daga wannan rijiya ba.

Akwai abin da ke damuna a nan. A Zariya aka yi wannan yunƙuri, garin da Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, garin da bangon gidajensa ke ɗauke da dagi da sauran ado, amma waɗanda suka jagorance shi kusan duk daga Kudu suka zo. Abin da Okeke ya yi wa uli, har yau ba mu gama yi wa zayyana da aska takwas da adon ƙwarya ba. Wannan aikin yana jiran malaman zane 'yan Arewa da yaran da ke gabansu.

Wanda bai yi boko ba zai iya koyar da fasaha?

Ku juya takardar naira 20 ku ga amsa. Matar da ke ginin tukunya a bayanta Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi sana'ar a wurin 'yar'uwar iyayenta. Baturen nan Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da faifan juyi da gashi a babban murhu, amma ba ta bar ginin hannu da zanen kada da ƙadangare da kifi da ta gada ba. Ta je Turai da Amurka tana nuna wa ɗalibai yadda ake gini, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984.

Doka ba za ta ba wanda ba shi da takarda aji ba, wannan gaskiya ne. Amma babu abin da ya hana malami gayyato mai zanen hula ko magina ko badukku su yi wa yara awa guda, ko ya kai su marinar Ƙofar Mata su ga yadda baba da toka ke mayar da farin ƙyalle shuɗi. Yaron da ya ga mahaifin abokinsa a gaban aji ana sauraronsa ba zai sake raina sana'ar gidansu ba.

Malam, ni damuwata addini. Ba zanen abu mai rai za a sa ɗana ya yi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma malamin da ya yi mata dariya bai san inda yake ba. Hadisai ingantattu sun zo da gargaɗi mai tsanani ga masu surantawa. Malaman addini sun yi bayani mai faɗi a kai, sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai jiki da zanen da ke kan takarda, sun yi magana kan abin wasan yara da abin da ake buƙata don ilimi, kuma ba duka suka tsaya a matsaya ɗaya ba. Yanke hukunci ba aikin malamin zane ba ne. Ku tambayi malamin da kuka amince da iliminsa.

Abin da ke hannun malamin zane shi ne ya buɗe wa yaro hanya. A cikin Bukhari da Muslim, wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana cewa da ita yake ci. Bayan ya gargaɗe shi sai ya ce masa idan ba makawa to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan fili ne mai faɗin gaske. Duk ƙa'idojin zane, daga awo zuwa inuwa zuwa haɗa launi, ana iya koyonsu da bishiyar kuka da tulu da ganuwa da soro. Ga kuma rubutun ado, ga zayyana, ga tsarin tabarma da na hula, waɗanda lissafi ne tsantsa cikin launi.

Ni dai ban taɓa tilasta wa yaro zana fuska ba idan gidansu ba su yarda ba, ban kuma rage masa maki a kan haka ba. Ku faɗa wa malamin tun farkon zango. Wanda ke shirin zaɓar zane a babbar sakandare ya zauna da malaminsa da iyayensa su duba takardun jarrabawar tun da wuri, don akwai ɓangarorin da ke taɓa zanen mutum.

'Yata 'yar shekara 5 ta zana mutum da kai da ƙafafu kawai, malam bai gyara ba, har yabo ya yi. Daidai ne?

Daidai ne. Masanin nan Viktor Lowenfeld, wanda ya bar Austriya ya koma Amurka, ya bayyana a 1947 cewa zanen yara matakai yake bi. Daga shekara 2 zuwa 4 layuka ne barkatai kawai. Daga 4 zuwa 7 mutum yakan fito da ƙaton kai da ƙafafu a manne da shi. Daga 7 zuwa 9 yaro kan kafa tsarinsa, ƙasa layi ɗaya a gindin takarda, rana a kusurwa. Sai wajen 9 zuwa 12 ya fara son abu ya yi kama da na gaske, kuma a nan ne yara da yawa ke yanke ƙauna su ce ba su iya ba.

Ba kowane yaro ne ke bin shekarun nan daidai ba, amma malami mai hankali yana aiki da su. Gyara wa 'yar shekara 5 hannu tamkar ja wa mai rarrafe kunne ne don bai yi gudu ba. Tambayarta ya kamata a yi: wace ce wannan, ina za ta? Ɗan shekara 11 kuwa yabo kaɗai ba ya isarsa, ya san zanensa bai yi kama ba, dabara yake nema. A nan ne ƙa'idar Onabolu ke da rana.

Kwafa daga allo laifi ne?

A'a, muddin ba ita ce darasin duka ba. Duk mai sana'a a ƙasar Hausa da kwaikwayo ya fara, ido ya gani hannu ya bi. Matsalar ita ce ajin da malam zai zana mangwaro a allo, yara 60 su kwafa, shekara ta ƙare ba wanda ya taɓa riƙe mangwaro na gaske ya dube shi da kyau.

Ta yaya ake ba da maki a abin da kowa da yadda yake ganin kyansa?

Ba kyau kaɗai ake aunawa ba. Nakan duba ko yaro ya fahimci abin da aka nema, ko ya lura da abin da ke gabansa, yadda ya riƙe kayan aiki, ko ya kammala, da kuma inda yake a farkon zango da inda ya kai. Yaron da aka haifa da hannu amma bai motsa daga inda yake ba, wanda ya fara da karkataccen layi ya ƙare da tsayayye zai iya kamo shi.

Inda ake cutar yara shi ne a mayar da darasin ya zama rubutu zalla, a ce su haddace launuka na asali guda 3 alhali ba su taɓa haɗa shuɗi da ɗorawa sun ga kore ya fito ba. Wannan yakan faru ne inda aka ɗora wa malamin wani fanni darasin don cike gurbi.

Malami ɗaya zai iya zane da kiɗa da wasan kwaikwayo duka?

Da ƙyar. Manhaja ta haɗa su, amma horon malamai bai cika haɗa su ba, don haka kowa yakan karkata ga abin da ya karanta. Wanda ya san kansa yakan nemi taimako ko ya jingina da abin da yara suka riga suka sani. Yaron da ke yin tashe cikin watan azumi ya san shiga da kwaikwayon murya da tsayawa gaban jama'a. Yarinyar da ke gaɗa a dandali ta san kari da amshi. Aikin malam shi ne ya nuna musu cewa abin nan da suke yi yana da suna da tsari, ana kuma karantarsa har jami'a.

Makarantarmu ba ta da kayan aiki. Me malam zai yi?

Na taɓa koyarwa a wata makaranta da zango ya ƙare ba a ba ni ko kwalin fenti ɗaya ba. Abin ya yi mini ciwo, har yau ina ganin hakkin yaran ne aka tauye. Amma zangon nan mun yi tawada da gawayi da ƙaro, mun jiƙa jar ƙasa da farar ƙasa, mun samu ja daga karan dafi da ɗorawa daga gangamau, mun ɗebo yumɓu a bakin kududdufi, mun yi motar kara da gidan kara. Yaran ne ma suka nuna mini inda yumɓu mai kyau yake. Wannan ba hujja ba ce ga masu makarantu su ƙi sayen kaya, don akwai abin da sai da takarda mai kyau da burushi ake koyonsa.

Yaro zai ci abinci da wannan karatu?

Ku dubi titin unguwarku. Allon kowane shago wani ya rubuta shi. Hular da ke kanku wani ya zana ta kafin a ɗinka. Ga masu tsara katin biki da tallar kaya a kwamfuta, ga masu adon silin da na bango, ga masu lalle, ga masu tsara ɗinki da masu shirya wurin ɗaukar fim, ga masu zanen gine-gine. Ba kowane ɗalibi ne zai bi wannan hanya ba, kuma ba na yi wa kowa alƙawarin arziki. Amma tela da kafinta da injiniya da mai jinya duk suna buƙatar idon da ke lura da hannun da ke da natsuwa.

Idan na samu ganin malamin, me zan tambaye shi?

Ku ce ya nuna muku aikin ɗanku na farkon zango da na ƙarshe, a jere. Ku tambaye shi yaushe rabonsa da yin zane ko gini na kansa. Ku tambaye shi wace sana'ar garin nan ya taɓa shigo da ita aji. Sannan ku faɗa masa abin da ake yi a gidanku, ko saƙa ce ko ƙira ko ɗinkin hula, da kuma wanda zai iya zuwa ya nuna wa yara idan an gayyace shi.